Ire-iren Baƙin Riyad a Tsohon Birnin Fas

Riyad, a ƙasar Maroko, shi ne tsohon gidan cikin birni wanda ɗakunansa suka kewaye tsakar gida, da marmaron ruwa a tsakiya da bishiyar lemo ɗaya ko biyu. Daga waje ba a ganin komai sai dogon bango da ƙofar katako, domin duk adon a ciki yake. A tsohon birnin Fas, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, an mayar da gidaje da yawa irin waɗannan masaukin baƙi, wani ɗaki shida, wani takwas. Da yake tagogin duk tsakar gida suke kallo, wanda ya yi tari a ɗakin ƙasa, na bene na uku ne zai ce masa sannu. Shi ya sa ba a kwana biyu a riyad ba a san halin kowa ba. Baƙin sun kasu kamar haka.

Na farko shi ne mai akwati. Mota ba ta shiga tsohon birnin, iyakarta bakin ƙofa, kamar Bab Bujlud. Daga nan sai ƙafa, sai kura, sai alfadarin da mai shi ke ihun "balak!" don a ba shi hanya. Mai akwati kwana uku zai yi, amma kayan wata uku ya ɗauko. Ɗakinsa kuma kullum shi ne na can ƙoli, a ƙarshen matakala mai faɗin kafaɗa ɗaya.

Na biyu shi ne wanda ya yi ɓatan kai. Da kuɗinsa ya zaɓi gida mai ɗaruruwan shekaru, yana shiga ya fara cigiyar talabijin da tagar da ke kallon titi. Ƙarar marmaro ma ta hana shi barci.

Sai mai hoto. Ita ba ta shan shayi sai ya huce, domin sai an ɗauki butar daga gabas, an ɗauke ta daga yamma. Mijinta ne mai riƙon waya, kuma tunda suka zo ba a ji muryarsa ba.

Na huɗu, wanda ya fi kowa cika gida, shi ne masanin kwana ɗaya. Ranar Talata da yamma ya sauka, Laraba da safe ya buɗe makaranta. Wurin farautarsa teburin karin kumallo ne. Yana bari baƙo ya naɗe gurasar msemen ya tsoma a zuma, bakin ya cika yadda ba halin neman uzuri, sannan ya jawo kujera ya ce, "Ka san kuwa?" Abin da za a sani shi ne Fatima al-Fihri ce ta kafa masallacin Ƙarawiyyin a shekarar 859. Maganar gaskiya ce, kuma gaskiyarta ba ta ragu ba a karo na tara. Daga nan sai ya kira mai gidan, wanda a unguwar aka yanke masa cibiya, ya sanar da shi cewa gidansa ba riyad ba ne, "dar" ne, tunda lambun bai kasu huɗu ba. Yaron da ke zuba shayi, wanda mahaifinsa ya tsufa yana sassaƙa tayil ɗin zallij da guduma, shi ma sai an tsayar da shi a gaban bango an yi masa bayanin yadda ake jera ƙananan tayil ɗin. Yaron ya ce, "Na'am, sidi," ya ɗaga buta sama ya tsiyayo, shayin ya yi kumfa. Masanin ba ya ɗaukar ɗan rakiya, wai taswirar birnin tana kansa. Da hantsi zai fita zuwa Ƙarawiyyin ɗin nan tasa, da magariba wani yaro ɗan shekara takwas zai rako shi gida a kan 'yan dirhami. Da daddare kuma, ba kunya ba tsoron Allah, zai yi lacca a kan hikimar da magabata suka yi wajen karkata lungunan.

Na biyar shi ne Alhaji mai ziyara. Shi zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ita ta kawo shi, sauran duk ƙari ne. Kwalbar yaji tana aljihun babbar riga, ba girkin tajin ɗin da zai wuce bai sha barbaɗe ba. Idan aka jera masa burodi da zaitun da zuma da ruwan lemo, yakan cinye tas, ya yi hamdala, sannan ya tambayi yaushe za a kawo abincin. A majemar Shuwara, inda ake miƙa wa baƙi na'a-na'a su kare hanci, shi sai ya mayar musu da abinsu, ya tuna wa kowa cewa jar fatar akuyar Sakkwato ce ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka sa mata sunan Maroko. Laifinsa ɗaya ne: bayan asuba yana zama a bakin marmaro ya saki muryar waya, "Hajiya, kina ji na?" Hajiya ba ta ji, amma ɗakuna takwas suna ji, har sun san kuɗin makarantar auta.

Waɗannan duka ana yi musu dariya a wuce, baƙo raɓa ne. Na shida kuwa ba abin dariya a lamarinsa, shi ne mai leƙe. Rufin soro a Fas tun asali wurin mata ne: a nan suke shanya, a nan suke shan iska su gaisa da maƙwabta ta kan katanga. Masauki ya buɗe nasa rufin don baƙi su ga hasumiyoyi da faɗuwar rana. Mai leƙe sai ya juya wa hasumiya baya, ya saita kyamara a kan matar mutane tana shanyar kayan yaranta. In an yi masa magana ya ce ai ya biya kuɗin ɗaki. Kuɗin ɗaki bai sayi mutuncin maƙwabta ba. Gobe zai hau jirgi ya tafi, ya bar mai gidan da zuwa ban haƙuri ƙofa-ƙofa a lungun da zai ci gaba da rayuwa a cikinsa.

Na ƙarshe shi ne mai littafi. Yana kusurwar da bishiyar lemo ta yi inuwa, ya sa kofin shayi ɗaya a gaba tun safe, yana kallon kowa ta ƙasan ido yana rubutu, a ganinsa shi kaɗai ne baƙon da ba ya damun kowa. Ma'aikatan gidan sun san shi sarai: shi ne wanda ya tare kujerar da ta fi kowace kyau, kuma akwatinsa ne ya kusa karya bayan mai kura.