Gashi Ko Zaman Lafiyar Gida?

Babu wanda Allah Ya rufa wa asiri a kan sanƙo kamar Bahaushe. Ga zanna, ga kube, ga tangaran, wanda ya samu sarauta kuma ya ƙara da rawani. Sai ku daɗe kuna zaman majalisa ɗaya da mutum ba ka san tsakiyar kansa tana ƙyalli ba, sai ranar da ya zo shafar kai wajen alwala. Duk da haka 'yan'uwanmu sun shiga sahun masu haɗiyar ƙwayar gashi, a ɓoye, daga kemis ɗin wata unguwa inda ba a san su ba.

Magungunan biyu ne, kuma duk ba don sanƙo aka fara yin su ba. Minoxidil na hawan jini ne, sai aka ga masu sha suna tsirar da gashi har inda ba a aike shi ba. A 1988 Amurka ta amince da na shafawa. Finasteride kuwa a 1992 aka fito da shi don kumburin furostet na dattawa, a 1997 aka rage shi zuwa miligiram 1, aka sa masa suna Propecia. Aikinsa rage sinadarin DHT, wanda ke tsuke saiwar gashin duk wanda ya gaji abin. Gado ne, malam. Ba hula ce ta cinye ba, ba yawan tunani ba ne, ba kuma alamar arziki ba ce, in ba haka ba da tuni masu sanƙon unguwarmu sun biya bashin mai shayi.

Rigimar tana farawa ranar da Alhaji ya warware 'yar takardar nan ta cikin kwalin finasteride, wadda ba a karantawa sai bayan an sha wata uku. Can ƙasa ya ci karo da layin da ya ce maganin kan rage sha'awa da ƙarfin namiji. Shi ke nan, barci ya ƙaura. A gwajin farko, waɗanda sha'awarsu ta ragu ba su kai biyu cikin ɗari ba, kuma har cikin waɗanda aka bai wa ƙwayar da babu magani a ciki an samu masu wannan kuka. Amma Alhaji ya riga ya ɗauki kujerarsa cikin biyun nan.

Ba wai tsoron banza ba ne. A 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta sa an ƙara gargaɗin cewa wasu sun ce matsalar ba ta tafi ba ko bayan sun daina sha. A 2025 ta Turai ta tabbatar da cewa yakan jawo wa wasu tunanin kashe kai. Wanda ya ji ransa na ɓaci haka siddan, ya ajiye ƙwayar ya nufi asibiti, nan babu raha. In kuma ya daina, gashin da ya tsira zai kama gabansa cikin kamar shekara guda. Gaba kura, baya sayaki.

To wa za a tambaya? Likita? Haba, da wane baki! Majalisa za a kai maganar, da sunan "wani abokina". Kowa ya san abokin, amma sai a yi shiru a fara fatawa. Wannan ya ce a gauraya man darbejiya da tafarnuwa. Wancan ya ce ya ji labarin wani da ya sha kwali ɗaya, yanzu gaisuwa kawai ke haɗa shi da iyali. A wani bincike da aka yi a Italiya a 2007, mazan da aka gaya wa illar tun farko sun kawo ƙorafi kusan ninki uku na waɗanda ba a gaya wa ba. Da masu binciken sun zauna majalisarmu dare ɗaya, da ninkin ya wuce nan.

Daga ƙarshe Alhaji ya yanke hukunci irin na sulhu: rabin ƙwaya da safe, da daddare kuma ya kora da wani jiƙo cikin gora da ya saya wajen mai lasifika a tasha, wanda babu takarda balle a karanta illa. Wannan bai taɓa ba shi tsoro ba. Ɗaya rabin ƙwayar kuma ya bar shi a gaban madubi, alhali gargaɗin da ya fi kowanne ƙarfi a takardar shi ne kada mai juna biyu ta taɓa fasasshiyar ƙwaya, don tana iya cutar da ɗa namiji a ciki.

Hajiya fa? Ita kaɗai ta san iyakar sanƙon, ita kaɗai za ta iya ba da shaida ko illar ta zo ko ba ta zo ba, amma ita ce ba a tambaya ba. Da ya tambaya, wataƙila ta ce, "Alhaji, ai da shi na aure ka."

Wanda aljihunsa ya yi nauyi kuma sai ya ce a bar wahalar ƙwaya, ya sayi tikitin Istanbul, ya ce wa mutane zai je sarin kaya. A kwashe gashin ƙeya a dasa masa a goshi, ya biya da dala. Zai fito ke nan, likita ya miƙo masa takarda ya ce, don kada ragowar gashin ya zube, ya riƙa shan finasteride kullum.