Yadda wayar salula ta daina zama kwalin sigari

A Amurka akwai wani ilmi na sanin hukuncin alƙali tun bai sa rigarsa ba. Ba ya buƙatar karatun lauya, balle bugun ƙasa. Tambaya ɗaya ce: wa ya kawo shi kujerar? In 'yan Rifablikan ne, to mai ra'ayin riƙau ne, yana bayan ɗan sanda. In 'yan Dimokurat ne, mai sassaucin ra'ayi ne, yana bayan wanda aka kama. Ilmin nan bai taɓa kuskure ba, sai dai in an kawo shari'a.

Asalin maganar kwalin sigari ne. A 1973 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan wani direba mai suna Robinson, wanda aka kama a Washington yana tuƙi bayan an soke lasisinsa. Ɗan sanda ya laluba aljihunsa, ya ciro kwalin sigari a cukurkuɗe, ya buɗe, sai ga ƙwayoyin hodar heroin guda 14. Kotu ta ce daidai ne. Duk abin da ke jikin wanda aka kama, a buɗe shi ba sai da takardar izinin alƙali ba, don kada ya ɓoye makami ko ya haɗiye shaida.

Da wayar salula ta zo, lauyoyin gwamnati suka dube ta da kyau. Tana shiga aljihu? Tana shiga. Girmanta ya kai kwalin sigari? Kusan ɗaya. Ana buɗe ta? Ana buɗewa. To me ya rage? Hotunan bikinka, bashin da kake ta kwana-kwana a kai, da saƙon da ka tura ƙarfe biyun dare ka wayi gari kana istigfari, duka a idon doka karan sigari ne, sai dai sun ɗan yi yawa.

Jihar California, wadda duk Amurka ta sani da sassauci, ita ce Kotun Ƙolinta ta amince da wannan lissafi a 2011, alƙalai 5 da 2. 'Yan majalisar jihar suka yi dokar hanawa. Gwamna Jerry Brown, ɗan Dimokurat, ya ƙi sa hannu, ya ce kotuna sun fi dacewa da maganar, wato kotunan da suka riga suka ce a buɗe. A Ohio kuwa, inda a lokacin alƙalan Kotun Ƙoli bakwai duk 'yan Rifablikan ne, tun 2009 suka ce, 4 da 3, ɗan sanda ya nemo izini tukuna. Masu ilmin suna da bayani. Yawancin alƙalan California ma, in ji su, gwamnonin Rifablikan ne suka naɗa, saboda haka lissafi ya fita. In ka ce na Ohio fa, sai a tafi talla.

Sai David Riley, wanda aka tsayar a San Diego a 2009 saboda rajistar motarsa ta ƙare. Aka sami bindigogi biyu a motar, aka bi wayarsa, aka ga hotuna da bidiyo da suka ɗaure shi da wani harbi, aka yanke masa shekara 15 zuwa rai da rai. Da maganar ta isa Kotun Ƙolin ƙasa, gwamnatin Obama ta tsaya a ɓangaren 'yan sanda. Wannan ma bai saɓa wa ilmin ba, tunda gwamnati ba alƙali ba ce.

Ranar 25 ga Yuni, 2014, alƙalai tara suka yanke hukunci, 9 da babu. John Roberts, wanda George Bush ƙarami ya naɗa, shi ya rubuta. Ya ce kwatanta waya da abin aljihu na da kamar kwatanta hawan doki ne da tafiya duniyar wata. Ya yarda ɗan sanda ya juya wayar ya duba ko an maƙala reza a bayanta, amma bayanan ciki ba sa yanka mutum. In ana tsoron abokan mai laifi su goge shaida daga nesa, a kashe wayar, ko a cire batir, ko a sa ta a jakar da ke tare sigina. Sauran kuwa, a je wurin alƙali.

Yaya riƙau da sassauci suka ci tuwo a akushi ɗaya? Malamai sun ce Gyara na Huɗu na kundin tsarin mulki, wanda ya kare mutum daga binciken hukuma ba bisa ƙa'ida ba, ba shi da jam'iyya, suna kafa hujja da Alƙali Antonin Scalia, uban 'yan riƙau, wanda a 2013 ya haɗu da alƙalai mata uku masu sassauci wajen ƙin yarda a ɗebi yawun wanda aka kama don gwajin DNA, alhali Stephen Breyer, naɗin Clinton, ya bi 'yan sanda. Ni dai abin da na lura shi ne, yawancin alƙalai ba sa yawo da kwalin sigari, amma waya kam, ko ba ka da ita, ɗiyarka na da ita.

Shi kuwa Riley, sunansa ya shiga littattafan lauyoyi. Aka mayar da shari'arsa California, kotun ɗaukaka ƙara ta duba ta ce lallai ba a kyauta ba, amma ko ba hotunan wayar sauran shaidu sun isa. Ya ci gaba da zamansa a kurkuku, inda doka ta hana riƙe waya.