Kokowar kwana goma

Mu dai a Filinge ba ma tuna muna da jiki sai an kai hatsi rumbu, sanyi ya shigo, rediyo ya fara zancen takobin gasar kokowa ta ƙasa. Nan take kowane saurayi a fada ya zama ɗan kokowa. Wanda tun damina bai ɗaga abin da ya fi kofin shayi ba, sai ka gan shi da asuba yana haki cikin rairayin Dallol Boso. Wani ya cika gwangwanin tumatir biyu da siminti, ya soka sanda a tsakiya, wai shi ma ya yi ƙarfe. Kwana goma ake yi. Ranar da mai rabo ya karɓi takobi, gwangwanayen sun koma tokare ƙofa.

Kawu ya ce ɗan yankinmu ne ya ɗora mu a hanya, tsohon shugaban ƙasa Seyni Kunce na Fandu, don a zamaninsa aka fara gasar a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya tafi da takobin. Yau jiha 8 ce, kowace da 'yan kokowa 10. Sai Kawu ya ƙirga da yatsa: "Mutum 80, takobi ɗaya. To ku gaya min, sauran 79 ɗin yawon banza suka je?" Babu mai amsa masa, kowa na gardamar ƙarfin Isaka Isaka na Doso, kamar tare suka ci tuwo jiya.

Akwai wani ƙanenmu a unguwa, shekara uku yana shiga fili, shekara uku ana kada shi. Har muka sa masa suna tabarma. Abin haushin, shi ba ya ajiye gwangwaninsa. Cikin bazara, lokacin da ko jaki ke neman inuwa, yana nan yana gudu kafin rana ta fito, ya dawo ya sha furarsa ya nufi gona. Na taɓa tsare shi na ce, "Kai yaro, wahalar nan ta mece ce, tunda ƙasa za ka sha?" Ya ce, "Yaya, bara in na ja guga biyar sai na zauna. Bana ni ke shayar da shanun Baba duka." Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba, don ran Lahadi a kasuwa da idona na ga ya ɗaga buhun hatsi shi kaɗai ya aza kan amalanke. Buhun da ni da abokina muka tsaya muna neman na uku.

Kawu kuwa abin nema ya samu. Ya ce mu je Tukunus mu tambayi masu kiwon shanun Azawak ko akwai bajimin da ya yi tozo cikin kwana goma. Mu irin masu ɗura wa rago dusa ne ana jibi Sallah, sannan mu zagi ragon.

Bana ma an kada tabarma. Sai dai wanda ya kada shi, wanda a da ko zufa ba ya yi, sai da ya zauna aka kawo masa ruwa. Na yi wa yaron alkawarin gobe da asuba tare za mu fita. In kun ga ƙofarmu a tokare, ku buga da ƙarfi.