Shan Iska a Ƙarshen Dabaran

Mutanen ƙasarmu ta Gumel ba su san fita daji don nishaɗi kawai ba, domin a wurinsu duk wanda ya bar inuwar zaurensa ya nufi bayan gari, to, lalle ko gona za shi, ko kasuwa, ko biki, ko ta'aziyya, ko kuwa bashi ne ya koro shi. Wanda kuwa aka gani yana ratsa gonaki ba fartanya a kafaɗa, ba iri a ƙwarya, ba kuma akuyar da ta ɓace masa, sai a fara yi wa danginsa jaje a ɓoye. Ni kuwa, da yake na daɗe ina koyar da tarihi da labarin ƙasa, na kuma karanta cewa Turawan Ingila kan kwashi iyalinsu idan sanyi ya wuce su tafi karkara su ci abinci a kan ciyawa, ba don kome ba sai don lafiyar jiki da hutun ƙwaƙwalwa, sai na ga bai kamata a bar mu a baya ba cikin al'amarin da ba ya bukatar kome illa ƙafa da tabarma, alhali kuwa duka biyu Allah ya hore mana. Daɗin daɗawa, na lura 'ya'yana sun san sunan kowane ɗan ƙwallo na Turai, amma da za a aje musu zangarniyar gero da ta maiwa, sai sun nemi fatawa a cikin waya.

Da na bayyana wannan ƙuduri bayan sallar lisha, tsakar gida ta yi tsit, sa'an nan uwargida ta aje muciya ta ce, "Malam, wa ya rasu?" Na ce ba wanda ya rasu, shan iska za mu. Amarya ta rufe baki da gefen mayafi ta shige ɗaki, abin da na ɗauka a lokacin alamar farin ciki ce. Uwargida kuwa ta shiga kawo mini hujjoji irin nasu na mata: wai shamuwa ta riga ta gama sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gida, wai tururuwa tun jiya take kwashe ƙwanta daga gindin randa tana hawa da shi katanga, wai kuma gumin da aka kwana ana yi ba na banza ba ne. Na saurare ta da haƙuri, kamar yadda ya wajaba ga mai ilmi, sa'an nan na ɗauko takardar hisabi da na gada daga mahaifina, na fahimtar da ita cewa taurarin shekara 28 ne, kowane fasali yana da 7, kowane tauraro kwana 13 yake yi ban da Jabha mai 14, kuma bisa lissafi sahihi har yanzu muna cikin Dabaran, tauraron ƙarshe na bazara, Haƙ'a mai buɗe damina ba ta kama ba tukuna. Na ƙara da cewa ko da yake ruwa na Allah ne, ba tauraro ke saukar da shi ba, amma al'ada ta gudana a kan tsari, kuma ban taɓa jin malamin da ya kafa hujja da tururuwa ba. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Daga baya na ga ta cusa babbar leda a ƙarƙashin kwanukan abinci, ban dai tanka ba, don gardama da mace a kan leda ba ta dace da mutum kamili ba.

Na zaɓi ranar Alhamis saboda falalar tafiya a cikinta. Abin da littattafai ba su ambata ba shi ne cewa a ƙasar Gumel Alhamis ranar kasuwar Maigatari ce, ranar da shanu da raƙuma da tumaki ke kwararowa daga Nijar, fatake kuma ke tahowa har daga kudancin ƙasar nan da manyan motoci, ta yadda duk wani abu mai taya, tun daga tirela har zuwa babur mai tari, arewa yake fuskanta. Mu kuwa gonar gadonmu tana wajen hanyar Gagarawa. Da muka isa tasha, ɗan kamasho ya dube ni, ya dubi mata biyu da yara da tabarmi da buta da kuloli, ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙaura za a yi?" Da na ce shan iska za mu, sai ya kira abokan aikinsa su zo su ji da kunnensu. A ƙarshe dai muka yi jinga da wani yaro mai amalanken shanu, wanda ya sauke itace zai koma ƙauye.

A nan ne ƙaddara ta gitta. Surukata, mahaifiyar uwargida, wadda ta zo ganin likita ta kwana biyu a gidan ɗanta, ta ji labarin amalanke zai bi ta kusa da ƙauyensu, ta aiko a jira ta. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar sharhi a kan wannan mas'ala. Na durƙusa a tsakiyar tasha na gaishe ta, aka ba ta wuri mafi kyau a kan amalanke, ni kuwa, da yake ba ya yiwuwa in zauna kafaɗa da kafaɗa da ita, na ce ai dama tafiyar ƙasa ita ce asalin shan iska, na bi su a baya cikin babbar riga ta shadda da na sa aka buga jiya, rairayi yana cika mini takalmi, ƙarangiyar bara tana yi wa bakin wandona ado.

Duk da haka ban bar fa'ida ta wuce ba. Ina tafe ina haki ina ba yara labarin yadda Mangawa suka kafa wannan sarauta, da yadda fada take a Tumbi, wadda yanzu ke cikin Nijar, kafin Sarki Ɗan Tanoma ya dawo da ita Gumel. Da yadda Lautai, wato Gumel, ta tsaya da Barno ba ta karɓi tuta daga Sakkwato ba, har aka yi ta gwabzawa da Haɗeja. Da yadda wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka a garin nan a shekarar 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya ga cinikin kanwa ya rubuta a littafinsa. Da yadda layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Gagarawa a zamanin da gyaɗa ke da daraja. Da na numfasa na tambaya ko akwai mai tambaya, Auta ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, shi ma Bajamushen a ƙasa ya bi surukarsa?" Yaron amalanke ya tsawata wa shanunsa da ƙarfi fiye da yadda laifinsu ya kai.

Rana ta take tsaka muka isa. Gonar kuwa, in faɗi gaskiya, ba ciyawa a cikinta ko ta sakace, sai farin rairayi da kututturen karan bara, da wani babban gawo a tsakiya. Shi gawo, kamar yadda na bayyana wa yara, ya saɓa wa sauran itatuwa, yana yin ganye da rani, ya kakkaɓe shi idan damina ta gabato, shi ya sa manomi ke ƙaunarsa, don ba ya tare wa shuka rana, ganyensa kuma taki ne. Surukata, wadda tun daga Gumel ba ta ce uffan ba, ta ɗaga kai ta dubi rassansa da suka zama ƙaya zalla, ta ce wa 'yarta, ba ni ba, "Ai ko gawon ya sani."

Aka shimfiɗa tabarmi a 'yar inuwar da ta samu, aka buɗe kuloli: dambun zogale da ƙuli-ƙuli, da soyayyun zabi, da fura wadda amarya ta dama da nono mai kauri. Ni da na yi tafiyar ƙasa tun hantsi, cikina yana kiran ciroma, sai ga shi shari'ar kunya ta hau kaina, domin ba a taɓa jin ɗan mutunci ya buɗe baki ya tauna ƙashin zabo a gaban surukarsa ba, gonar kuwa fili ce fetal, ba zaure ba shamaki. Na ce na ƙoshi. Na koma gefe na zauna a kan wani ɗan tudu na juya baya, ina duban sararin Allah ina tafakkuri, ina kuma jin ƙarar ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya, har na iya ƙidaya rabona yana shiga bakin yaron amalanke.

Tudun nan ashe gidan cinnaka ne. Malamai sun yi bayanin darajojin haƙuri, amma ban ga wanda ya kawo babin mutumin da cinnaka suka shiga wandonsa alhali surukarsa tana zira'i goma daga gare shi ba. Na daure iyakar dauriya, na ciji leɓe, na karanta abin da ya sawwaƙa, har dai larura ta halatta abin da aka hana. Na miƙe cikin natsuwa irin ta wanda zai kama ruwa, na ɗauki buta, na taka a hankali har na kai bayan wata sabara, sa'an nan na tuɓe riga da taguwa na shiga yaƙi da hannu biyu.

Ina cikin wannan jihadi ne duniya ta yi duhu. Na waiwaya gabas, sai na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, jar ƙura tana gabansa. Kafin in zura riga iska ta iso, ta ɗauke hulata ta yi wajen Sule Tankarkar da ita, tabarmi suka tashi sama, shanu suka tsinke igiya suka nufi gida da amalanke, yaron yana binsu da cinyar zabo a hannu. Na ba da umarni a fake a gindin gawo, sai dai gawo, bisa ɗabi'arsa da na gama yabo ɗazu, ba shi da abin da zai tare ko ɗigo ɗaya. Uwargida ta zaro ledarta ba tare da ta dube ni ba, ta lulluɓe mahaifiyarta da yara da amarya, suka bi burtali zuwa ƙauye a jere, tsohuwa na gaba tana nuna hanya. Ledar ba ta kai ni ba, ko da ta kai ma, ba zan shiga leda ɗaya da surukata ba.

Haka na shiga ƙauyen ni kaɗai a bayansu, ba hula, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, hannuwana biyu a sama ina kare fuska, leɓɓana suna motsi saboda sanyi da raɗaɗin cizo, rigata kuma, wadda na zura cikin gaggawa, a juye, aikin wuyanta yana ciki, ɗinki yana waje. Abin da ban sani ba shi ne, mutanen garin sun yi binne tun makonni, iri yana neman ƙonewa a ƙasa, kuma a safiyar nan suka fita roƙon ruwa, liman ya yi huɗuba ya juya mayafinsa kamar yadda sunna ta koyar. Suna tsaye a zauren Bulama suna hamdala, sai ga baƙon malami ya ɓullo daga gabas tare da hadari, riga a juye, hannu a sama, baki yana motsi.

Kafin in yi sallama tsofaffi sun kewaye ni. Bulama ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe kai ne a dajin!" Na ce wallahi cinnaka ne. Liman ya girgiza kai ya dubi jama'a ya ce su ga irin tawali'un bayin Allah, ba sa son a san su. Na sake rantsuwa, na ce ni da bakina na faɗa shekaranjiya cewa ba za a yi ruwa ba sai Haƙ'a ta kama. Wani dattijo ya ce ai dama haka suke yi, suna ɓoye sirri. Da na ga kowace gaskiya na faɗa sai ta ƙara mini daraja, aka kuma aje mini ƙwaryar fura a wurin da ba suruka, sai na ga hikima tana cikin yin shiru, na sa ludayi.

Gari na wayewa kowa ya fita da sungumi, maza suna sara, mata da yara suna bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Aka roƙe ni in jefa irin farko don tabarruki, na jefa ya faɗi bayan rami, aka ce wannan ma da ma'ana. 'Ya'yana kuwa, waɗanda na kawo don in koya musu, kakarsu ta ɗaura wa kowa ƙoƙo, kafin azahar sun iya shuka sun kuma bambance gero da dawa, ba wanda ya nemi bayanina. Game da hisabi, na sake bin lissafina a tsanake ban sami inda ya karkace ba. Abin da na tabbatar shi ne hadarin daga wajen Barno ya taso, kuma mai yiwuwa can nasu Dabaran ya riga namu fita.

Bayan mako biyu ruwa ya ɗauke, shuka ta fara lanƙwasa. Ina zaune a zaure da la'asar sai ga mutum huɗu daga wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar, da zakara da ƙwaryar ƙwan zabi, da kuma hulata, wadda suka ce an tsinta a kan aduwa an kuma gane mai ita ta wurin labari. Suka ce Bulamansu yana gaisuwa, yana roƙon in taimaka in fita dajinsu ko na yini ɗaya ne. Ina neman lafazin da zan ba su haƙuri da shi ba tare da zakaran ya koma ba, sai muryar uwargida ta fito daga bayan ƙofa tana cewa, "Bayin Allah, kada ku wahalar da shi. Ku tambaye shi ranar da lissafinsa ya ce ba za a yi ruwa ba, ku je ku gyara sungumi."

Suka juyo gaba ɗaya suna dubana cikin ladabi, babbansu ya gyara durƙuso ya ce, "To, Allah gafarta Malam, wace rana ce?"