Kowa Na Son Akwati, Ba Mai Son Ɓarawo

Duk wanda ya leƙa gidajen gem na Gombe, daga Jekadafari zuwa Pantami har Tumfure, ya san ƙwallo ce ke mulki a can: Madrid da Barcelona tun hantsi har mai janareto ya ce fetur ya ƙare. Amma akwai wasu 'yan tsiraru, galibi ɗalibai irin na Tudun Wada da ke maƙwabtaka da jami'ar jiha, masu tsohuwar kwamfutar cinya da batir mai ƙaryar caji, waɗanda suka kamu da wani nau'in wasa daban. Ayari ake haɗawa na mutum huɗu ko shida, kowa da sana'arsa, a tura su cikin koguna da kufai su yi ta fama da dodanni har labari ya ƙare. Mutum ɗaya ke dannawa, goma na tsaye a bayansa suna ba da umarni, kuma rigimarsu kullum a kan gurbi ɗaya take tashi. Jarumi mai takobi ba a musu a kansa, matsafi mai jefa wuta ma haka, mai magani kuwa ko maƙiyinsa ya yarda da shi. Sai an zo kan ɓarawo murya ke tashi. Ni dai ra'ayina shi ne ɓarawo ya fi kowa amfani a ayarin nan, kuma abin da ya sa ake raina shi, aikinsa idan ya yi kyau ba ya barin shaida. Masu raina shi kuwa kala-kala ne, kowanne da irin tasa makantar.

Na farko shi ne Sarkin Ƙarfi. Shi a wurinsa duniya ƙofa ce, maganinta kuma kafaɗa. Idan aka ce a zaɓi mutum huɗu, jarumawa uku zai zaɓa, na huɗun ma don an matsa masa ne zai yarda da mai magani. Jininsa na Gandoki ne da Iliya Ɗanmaiƙarfi, kuma hujjarsa guda ce: "Ɗan'uwa, wannan siririn me zai iya? Mari ɗaya ya faɗi." Kada a yi masa ƙarya, a nan yana da gaskiya. Wasan da ya haifi duk waɗannan, Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson, ya fito a Amurka a 1974 babu ɓarawo a ciki; sai a 1975 aka ƙara shi a wani ƙaramin littafi mai suna Greyhawk, kuma da rauni aka haife shi. A waɗancan dokoki na farko, sabon ɓarawo sau 15 cikin 100 kawai yake iya buɗe kwaɗo, tarko kuwa sau 10 cikin 100 yake iya kwancewa. Sai dai Sarkin Ƙarfi a fagen fama kaɗai yake auna mutum, alhali rabin mutuwar da ake yi a wasannin nan a kan hanyar zuwa fagen ake yinta. Hasumiyar Durlag, wadda aka ƙara wa wasan Baldur's Gate a 1999, shaida ce: kusan kowane lungu tarko ne, kuma jarumin da ya shiga ba tare da mai duba ƙasa ba zai isa gaban dodo da rabin rai, in ma ya isa. Idan tarkon ya tashi da shi, sai Sarkin Ƙarfi ya naɗe tabarmar kunya da hauka, ya ce madannan ne suka lalace.

Na biyu Malam Lissafi ne, kuma ya fi na farko wuyar sha'ani don shi da karatu yake zuwa. Ya binciko a intanet cewa matsafi yana da tsafin da ke buɗe kowane kwaɗo, jarumi kuma yana iya fasa akwati da gatari, saboda haka gurbin ɓarawo asara ce. Yana faɗin haka yana gyara tabarau. Abin da lissafin ya manta shi ne tsafi a wasannin nan ƙididdigagge ne: matsafi yana da 'yan guraben tsafi a yini, in ya ƙarar da su a kan ƙofofi, da me zai tari dodo? Hannun ɓarawo kuwa ba ya ƙarewa, ya buɗe ƙofa ta farko ya buɗe ta ashirin bai nemi a tsaya a kwana ba. Malam Lissafi yana da wata hujja da ta fi wannan nauyi, kuma ita ce ta cancanci amsa ta gaskiya. Yakan ce masu ƙera wasan ne suka cika shi da kwaɗo da tarko don kawai su sama wa ɓarawo aikin yi. A cire ɓarawo, a cire kwaɗo, ba abin da ya ragu. To haka ne, amma dodon ma wa ya ajiye shi, in ba don jarumi ya sami abin sara ba? Duk abin da ke cikin wasa ajiye shi aka yi. Abin tambaya shi ne wane irin wasa ke saura bayan an cire, kuma wasan da babu ɓarawo amsa ɗaya yake da ita ga kowace matsala, wato sara. Da shi ne ake samun hanya ta biyu: a zagaya ta bayan masu gadi, a saci makulli maimakon a kashe mai riƙe da shi, a hango kwanton ɓauna kafin a faɗa ciki. Ko Tolkien, a littafinsa The Hobbit na 1937, da wadanni 13 masu gemu da gatari suka tashi ƙwato dukiyarsu daga dodo, sai da suka ɗauki na 14, kuma a matsayin ɓarawo suka ɗauke shi.

Na uku shi ne Ustazu, kuma shi ba a yi masa dariya sosai, domin maganarsa tana da tushe. A garin da ya sha fama da 'yan kalare, inda mutum ke ɓoye wayarsa kafin ya hau babur da dare, kalmar ɓarawo ba abin wasa ba ce, kuma wanda ya ce ba ya son ƙaninsa ya saba da danna "sata" bai yi wauta ba. Matsalar Ustazu ita ce inda ya ja layinsa. Ya ƙi ɓarawo, amma ya zaɓi jarumin da ya kashe ɗaruruwa ya kuma caje aljihun gawarsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya kira shi ganima. Ya zaɓi matsafi, da sunansa na matsafi, bai ce uffan ba. A wasannin Dragon Quest na Japan, gwarzon labarin da kansa yake kutsa gidajen talakawa yana buɗe durowa yana leƙa tukwane a gaban masu gida, ba wanda ya taɓa kiransa da mummunan suna. Shi kuwa bawan Allah da aka laƙaba wa sunan ɓarawo, a wasan Final Fantasy na farko da kamfanin Square ya fitar a 1987 ko allura ba ya iya sata. Sai a kashi na uku, a 1990, aka ba shi ikon. Yawancin aikinsa duba hanya ne da kwance tarko da buɗe akwatunan da masu su suka mutu tun zamanin da. Inda wasa ya bar shi ya zari aljihun mutanen gari, kamar Skyrim na 2011 ko Baldur's Gate 3 na 2023, dogarai na nan, kuma tara ko kurkuku na jiransa, wato rana ɗaya ta mai kaya tana zuwa har a cikin kwamfuta. Bahaushe ma ai bai taɓa tsoron mai wayo a cikin labari ba. Gizo ya fi zaki farin jini a tatsuniya, Alhaji Imam da Malam Zurƙe sun cika Ruwan Bagaja da damfarar juna tun 1934 ana karantawa a makarantu, kuma dattawa masu mutunci sun saurari kaset ɗin Gambo mai waƙar ɓarayi ba tare da sun haura katangar kowa ba. Abin da ya fi ban dariya, idan akwatin ya buɗe, Ustazu ne ke fara miƙo wuya yana cewa, "Malam, duba ko akwai sulke a ciki." An ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, ba a faɗi matsayin mai jiran kason akwati ba.

Akwai kuma Hajiyar Asibiti, ko da namiji ne haka ake kiransa, wato mai riƙe da mai magani. Shi ba ya ƙin ɓarawo a fili, sai dai shi ke kwashe godiyar da ta kamata a yi masa. Jarumi ya taka tarko, jini ya zuba, mai magani ya ɗaga hannu haske ya sauko, ɗaki ya ɗauki tafi. Ɓarawo ya kwance tarko goma kafin wannan, ba wanda ya ko ɗago kai, domin babu abin da ya faru. Halinsa ɗaya da maigadin babbar kasuwa: daren da ba a fasa shago ba, ba mai zuwa da safe ya ce masa sannu da aiki, sai dai a ce ai barci yake yi ana biyansa. Kowa ya haddace cewa rigakafi ya fi magani, amma mai magani ake yi wa kirari.

Adalci ya sa a faɗi cewa masu zaɓen ɓarawon su ma suna ɓata masa suna, kuma a cikinsu akwai iri biyu da suka addabi jama'a. Ɗaya shi ne Mai Naci. Ya ji labarin cewa wani dodo yana ɗauke da kaya mai tsada, don haka ba za a kashe dodon ba sai an sace. A Final Fantasy IX na shekarar 2000, inda gwarzon labarin kansa, Zidane, ɓarawo ne, akwai wani ƙato mai suna Hilgigars da ke riƙe da wata sarewa, kuma damar sace ta sau 1 ce cikin 256. Mai Naci zai tsayar da ayari gaba ɗaya suna shan duka yana danna abu ɗaya, 'yan kallo su tafi sallar la'asar su dawo su same shi a inda suka bar shi, har Nepa ta ɗauke wuta ta raba gardama. Ɗayan kuwa Ɓarawon Gida ne, wanda ke fitowa idan abokai suka haɗu huɗu a wasa ɗaya. Shi ke shiga gaba da sunan duba hanya, ya buɗe akwati shi kaɗai, ya zuba zinariyar a jakarsa, ya dawo da fuskar tausayi ya ce, "Wallahi Yaya, tsumma ne kawai a ciki." An ba kura ajiyar nama. Amma a lura, abin da waɗannan biyun ke nunawa shi ne gurbin yana da iko, domin ba wanda zai iya cutar ayari haka in ba mai riƙe da makullinsa ba. Laifin na mai dannawa ne, kuma maganinsa a zaɓi wanda za a ba gurbin da irin kulawar da ake zaɓen mai riƙe kuɗin adashi, maimakon a jefa wa ƙaramin ƙane don shi ne ya zo a makare.

Wannan ƙanen shi ne iri na ƙarshe, kuma shi ne ɓarawo na gaskiya a yawancin ɗakunan. Ba shi ya zaɓa ba, manya sun kwashe takobi da sanda, aka ce masa, "Kai Auta, riƙe wannan." Shi ake turawa gaba a kowane lungu mai duhu, kamar yadda shi ake aika sayen fiya wata da katin waya. Tun yana jin haushi har ya gane ƙasan wasan fiye da kowa: ya san wace ƙofa ce ke da waya a gindinta, wane bango ne ke da hanya a bayansa, wane mai gadi ne ke juya baya bayan taku biyar. Ranar da bai zo ba, ayari ya mutu sau uku a lungu ɗaya, Sarkin Ƙarfi ya zargi madannai, Malam Lissafi ya zargi intanet, Ustazu ya ce jarrabawa ce. Washegari Auta ya dawo, ya wuce da su cikin minti goma, ya buɗe babban akwatin da ke ƙarshen kogon, aka zauna rabo. Jarumi ya ɗauki takobin, matsafi ya ɗauki sandar, mai magani ya ɗauki zoben, Ustazu ya sami sulkensa. Shi kuma aka ba shi igiya da 'yan ƙarafan buɗe kwaɗo guda biyar, aka ce ya yi gaba ya dubo ƙofa ta gaba.