Daren da Na Yi Farautar Ɓarawo a Cikin Vim

Ƙanena ne ya ja mini. Ya ce duk mai rubutu a kwamfuta da bai iya Vim ba, wasa yake yi, don tun 1991 wani ɗan ƙasar Holan, Bram Moolenaar, ya fito da manhajar, kuma har yau gwanaye ba su yar da ita ba. Ni kuwa ba na son raini, sai na ce ya nuna mini.

Abu uku ya koya mini. In danna Esc, in rubuta :e da sunan fayil, sai ya buɗe. In rubuta :!ls, sai in ga jerin fayilolina ba tare da na bar rubutuna ba. Na ukun :sh ne, amma ban tsaya jin bayaninsa ba, don na riga na zama malami.

Da dare na zauna gyaran lissafin adashin unguwarmu. Da na gama, sai na buga :sh. Rubutun ya ɓace, allo ya yi wayam. Na ce alhamdu lillahi, na fita lafiya. Can na tuna ban sa sunan mutum ɗaya ba, na sake kiran Vim. Sai ga gargaɗi: an tarar da wani fayil mai .swp a ƙarshensa, wataƙila wani yana cikin lissafin yanzu haka.

Gabana ya faɗi. Kuɗin mutane! Na yanke intanet, na kashe waya, har tsakar gida na haska da tocila. Na dawo na yi ta maza, na kutsa ciki, na sake buga :sh don in tsere, na sake shiga. Ɓarawo yana nan daram, sai na janye na rufe wannan Vim ɗin.

Ƙarfe ɗayan dare na ta da ƙanena. Ya zo yana hamma, ya rubuta exit, sai ga Vim. Ya rufe ta da :q, ya sake rubuta exit, sai ga wata Vim ɗin riƙe da gyarana na farko, ko adanawa ban yi ba.

"Yaya, ai :sh ba ƙofar gida ba ce, zaure ne. Vim tana ciki tana jiranka, kai kuma kana ta sallama da kanka."

Na roƙe shi ya rufa mini asiri, har da ɗan kuɗin kati. Da safe uwargida ta ajiye mini koko da ƙosai, ta russuna ta ce, "Maigida, ina kwana? An dai kama ɓarawon ko?"