Gidan Ɗan Hausa: Wasiƙa Daga Ingila

Zuwa ga Yaya, a Jabi, Abuja.

Gidan Ɗan Hausa yana Nassarawa ne a Kano, a wajen ganuwa, yankin da a da gandu ne da wurin hutun Sarki. Ya ci sunan ne daga Hanns Vischer, wanda aka haifa a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876. Da 'yan mishan ya fara zuwa Nijeriya, daga baya ya koma aikin gwamnatin Turawa a Barno. A 1906 ya keto Sahara da ayari tun daga Tarabulus har Barno. Hausa ta zauna a bakinsa har aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Mai wasiƙar nan kuwa shekararsa bakwai a Ingila, ba wanda ya taɓa ce masa Ɗan Ingila. Ko burodi ya je saye sai an ce ya maimaita.

A 1909 Vischer ya buɗe makaranta a Nassarawa, wadda ita ce makarantar boko ta farko da gwamnati ta kafa a Arewa. An koyar da malamai da 'ya'yan sarakuna cikin harshen Hausa, akwai kuma sashen sana'o'in hannu. A Gidan Ɗan Hausa ya zauna da matarsa Isabelle.

Ginin na tubali ne. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta tsima, a mulmula ta da hannu, gindi da faɗi, kai a tsuke, a shanya a rana. Magini yakan jera tubalin kansu a sama, ya cike tsakani da kwaɓi. Bango yana da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufin soro ne na azara, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Da yake azara ba ta jure nauyi in tazara ta yi yawa, sai a ɗaura bakan gizo: a riƙa ɗora ta kan juna daga bango biyu, tana ranƙwafowa har ta haɗe a tsakiya, sannan a yaɓe. A saman bango akwai zankwaye, indararo kuma na zubar da ruwa nesa da gindin gini. Makuba, da ake samu daga kwasfar ɗorawa, ita ke taimaka wa yaɓe ya jure damina.

Irin wannan bango yakan riƙe sanyi da rana, ya saki ɗumi da dare, ba tare da an kawo takardar kuɗi a ƙarshen wata ba. Ɗakin jan bulo da mai wasiƙa ke haya yakan riƙe sanyi dare da rana, bangonsa na zufa, kuɗin ɗumama shi kuma ya cinye kuɗin da Yaya ke jira.

Vischer ya rasu a 1945. Gidan yanzu wurin adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano, kuma rayuwarsa ta rataya ne a kan yaɓe, domin soron da aka bari ba gyara, damina kaɗan ta ishe shi. A Ingila dokar 1947 ta kafa tsarin yi wa tsofaffin gine-gine rajista, yanzu a matakai uku, kuma sauya ko da taga ce ba da izini ba laifi ne da kan kai mutum kotu. A Jabi, inda gidan shekara talatin ake ce wa tsoho, da wannan doka ta biyo jirgi ta sauka Abuja, da tuni wani yaya mai shirin rushe zauren Baba na Kano don ya gina shaguna yana neman beli.

A gaida Hajiya da yara. A aiko da kilishi, ko da ba da izini ba.